Lomar Ƙarshe a Kwanon Maman Faith

Indo, ai shi ne da kansa, ba mai kama da shi ba. Yanzu haka yana tsakar gida a kan tabarmar Inna, Halifa na cinyarsa yana ta jan gemunsa yana ɓangala dariya. Babanmu dai, Malam Ɗanliti mai acaɓa, wanda muka gama yi wa addu'ar mamaci, wanda na sa wa ɗana sunansa don kada sunan ya ɓace a gidan. Ga mai suna ga takwara a tabarma ɗaya, Inna ta rasa wanda za ta kalla. Ni dai tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Amma in kika ji hanyar da Allah ya fito da shi, jikinki zai yi sanyi, don ba mu muka nemo shi ba. Wata mata ce a Gyadi-Gyadi, ita kuma ba shi take nema ba. Ki ji yadda abin ya kasance, kamar yadda na ji daga bakinta da bakin Baba.

Sunanta Rebecca, amma duk layinsu Maman Faith ake ce mata. 'Yar Zonkwa ce, tana sayar da dankalin Jos da kabeji a kasuwar Tarauni. Mijinta Godwin mutumin Pankshin ne, malamin sakandare, wani ƙaton mutum mai faɗin hannu da yawan dariya, kuma yana cikin manyan ƙungiyar malamai. Zamanin soja ne, malamai na yajin aiki. Wata safiya ya ɗauki ɗaurin takardu a leda, ya ce mata taro zai je ya dawo, ta ajiye masa abinci. Ya tare ɗan acaɓa a bakin titin Zariya ya hau. Abincin nan har ya kwana ya lalace bai dawo ba.

Babu inda Rebecca ba ta shiga ba. Ofisoshin 'yan sanda, asibitoci, har ɗakin ajiye gawa ta leƙa tana toshe hanci da gefen mayafi. Kowa sai ya ce bai san zancen ba. Sai wata Lahadi a coci, wani dattijo da ke zama a bayanta ya sunkuyo kamar zai ɗauki littafin waƙa, ya raɗa mata kwatancen wani gida a bayan gari, mai dogon bango, babu allo babu suna. Ya ce ta je da abinci, kada ta yi yawan tambaya, kada kuma ta ce daga wurinsa ta ji.

Ta tuƙa tuwon acca, ta yi miyar karkashi da busasshen kifi, abin da Godwin ya fi so ke nan a duniya. Ta zuba a kwanon samira mai furanni, ta ɗaure da tsohon ɗankwali, ta hau mota. Mai gadin ƙofar ya ce mata babu mai wannan suna a nan, amma yana faɗa yana miƙo hannu ya karɓi kwanon. Ta tsallaka hanya ta zauna a gindin wata bishiyar maina. Tana nan har inuwa ta juya, sannan aka turo kwanon ta wata 'yar taga a jikin ƙofar.

Ta kwance ɗankwalin. An cinye tuwon, amma a tsakiyar kwanon ga loma ɗaya an mulmula, an danna babban yatsa a kanta ta yi rami, an cika ramin da miya.

A nan ta durƙushe a ƙasa. Kin gane, a gidan su Godwin ba a suɗe kwano. Mahaifiyarsa ta koya musu ko yunwa za ta kashe mutum, sai ya bar wa wadda ta dafa loma ɗaya, ita ce godiyarsa. Tun suna ango da amarya yake mata haka, tana masa tsiya tana cewa in da gaske godiya yake, ya tashi ya wanke tukunya. Babu wanda ya san wannan sai ita da 'yan gidansu. Da mai gadi ne ya ci, ai har furannin kwanon zai lashe. Godwin na ciki ke nan, kuma da ransa.

Daga ranar nan, Lahadinta ta zama ta kwano. A tashi daga coci, ta tuƙa tuwo, ta hau mota, ta zauna gindin maina. In ta dawo gida sai ta kira 'yarta Faith, lokacin ko firamare yarinyar ba ta shiga ba, ta raba lomar biyu ta ce mata ga saƙon Babanki. Su ci, su sha ruwa, su yi addu'a.

Ta taɓa zuwa wurin wani lauya tun a farkon abin. Mutumin ya saurare ta, ya tura ƙofar ofis ya rufe, ya ce mata da ƙaramar murya akwai dokar soja da ta rufe bakin kotu. In dai su suka kama mutum da sunan tsaro, alƙali ko tambaya ba shi da ikon yi. Ya ce ta ci gaba da addu'a, ya raka ta har bakin titi yana waige-waige.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Dangin Godwin suka zo daga Filato, suka ce a haƙura a yi masa sujadar tunawa, ita da yarinya su koma gida. Ba ta yi musu da su ba. Ta jira Lahadi, ta dawo ta buɗe musu kwanon a gabansu. Yayansa ya kalli lomar nan, ya juya ya fuskanci bango, washegari suka kama hanya.

Akwai abin da ta lura da shi, ba ta faɗa wa kowa ba. Can wajen shekara ta biyu ramin da ke kan lomar ya ƙanƙance. Yatsan Godwin kamar taɓarya yake, wannan kuwa siriri. Ta ce a ranta ai rama ce, wa zai zauna a irin wurin nan bai rame ba. Sannan in watan azumi ya kama, kwanon kan dawo da wuri, tun ba ta gyara zama ba, kamar juye tuwon aka yi a wani wuri ba ci ba. Ta ce ƙila masu gadin ne ke azumi, suna son su sallame ta su huta. Ita dai tunda loma na dawowa, ba ta son ta ɗaga abin da ya fi ƙarfinta.

A gidan hayar da take akwai wata nas, Basira, tana aiki a asibitin koyarwa, tana zaune da ƙanenta Abdurrahman mai karatun lauya a jami'a. Shi yaron nan bai iya karatu a zuci ba. Da la'asar sai ya fito da benci tsakar gida, ya riƙa karanta shari'o'in Turawa da ƙarfi yana ba kansa amsa, har yana buga benci kamar shi ne alƙalin. Rebecca na gefe tana ware ruɓaɓɓen dankali, tana ce masa Lauyan Tsakar Gida. In ya cika mata kunne ta ce ya yanke wa ɓerayen sito hukunci tukuna, su ne suka dame ta.

Ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, duk gidan aka taru ɗakin Basira ana kallon talabijin. Rebecca ba ta shiga ba. Ta ce ko wace irin hula ce, ita dai Lahadinta na nan yadda take.

Bayan 'yan makonni Abdurrahman ya dawo daga makaranta ko jaka bai ajiye ba, ya tsuguna a gabanta. Ya ce dokar nan da ta rufe bakin kotu an soke ta, yanzu kundin tsarin mulki ne ke aiki. Ya ce akwai wani abu da ake koya musu tun ajin farko, sunansa da yaren Latin, habiyas kofus ko me, ni dai bai zauna a bakina ba. Ma'anarsa dai, duk wanda ya tsare mutum, ko wane ne shi, alƙali na iya ba shi umarni ya kawo mutumin gaban kotu a gan shi ido da ido, ya kuma faɗi dalilin tsare shi. In dalilin bai tsaya ba, a nan take za a sake shi.

Ta ci gaba da ware dankalinta. Shi kuwa ya shiga kawo mata shari'o'in da suka haddace. Wai can Ingila, shekaru ɗari biyu da wani abu, an ɗaure wani bawa baƙar fata a cikin jirgin ruwa za a kai shi a sayar, mutane suka kai kuka, alƙali ya ce a sauko da shi a kawo shi, daga ƙarshe aka sake shi. Wai a nan ƙasar ma, zamanin farar hula na baya, an taɓa ɗaukar wani ɗan majalisa na Borno aka jefa shi ƙetaren iyaka aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, kotu ta ce ƙarya ne, ya dawo gidansa.

"Shi bawan nan," in ji Rebecca, "da aka sauko da shi, akwai wanda ke jiransa a bakin ruwa?"

Abdurrahman ya ce akwai waɗanda suka tsaya masa, su suka kai ƙarar.

"To ni ka ji tsorona, Lauya. Yanzu ina da loma ɗaya duk mako. In na kai su kotu suka ji haushi suka daina karɓar kwanon, me ya rage mini? Littafinka zai ba shi tuwo?"

Yaron ya miƙe. Ya shige ɗaki da jakarsa.

Abin da ya juya mata ra'ayi ba maganarsa ba ce. Wata Lahadi ta buɗe kwano ta ga ɗan ja-ja a gefen lomar, ba na manja ba. Ta kira Basira. Basira ta kai kwanon wajen haske ta duba, ta tambaye ta ko Baban Faith na da tari tun da. Rebecca ta ce a'a. Basira ta ce mata gaskiya ko ma mene ne, mai cin tuwon nan na bukatar asibiti, kuma ba baɗi ba. A ranar Rebecca ba ta raba lomar da Faith ba. Ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Abdurrahman ta ce ya kai ta inda zai kai ta.

Shi ɗalibi ne, ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali. Sai ya kai ta wurin malamarsu, Barista Zainab, wata 'yar siririyar mata da ba ta da yawan magana. Ta sa Rebecca ta ba da labari tun daga farko, ba ta katse ta ba sai a wurin lomar, ta ce ta maimaita mata. Aka shigar da ƙara a kotun nan ta Gyadi-Gyadi, tafiyar ƙafa daga gidansu. Shekara da shekaru Rebecca na wucewa ta gabanta da buhun dankali a ka, ba ta taɓa tunanin ƙofar ta shafe ta ba.

Lahadin da ta biyo baya, abin da take tsoro ya faru. Mai gadi ya leƙo ta taga, ya ga ita ce, ya ce tunda ta san hanyar kotu, ta kai wa alƙali tuwon. Ya ja tagar ya rufe. Ta zauna gindin maina har magariba ta gabato, ta dawo da kwanon da nauyinsa. Da ta shigo gida Abdurrahman na kan benci, ya miƙe zai gaishe ta, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Lahadi ta gaba ma haka. Yaron ya daina karatu da ƙarfi, gidan ya yi tsit, Basira ta ce ko abincin kirki ya daina ci.

A zaman farko lauyan gwamnati ya miƙe ya ce su ba su tsare da wani Godwin, ba su ma san da wannan gida ba. Barista Zainab ba ta yi dogon turanci ba. Ta sa Rebecca ta ɗora kwanon samirar a kan tebur, ta faɗa wa kotu shekara nawa tana kai shi, ta wace taga ake karɓa, da abin da ake bari a ciki. Sannan ta juya ta tambayi lauyan gwamnati, in babu kowa a gidan, wa ke cin tuwon. Mai Shari'a, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce a zama na gaba ko a kawo masa mutumin, ko shugaban gidan ya zo da kansa ya tsaya a akwatin waɗanda ake tuhuma, kuma ba lallai ya koma gida a ranar ba.

Ranar da aka sa, Rebecca ta ɗaura zanen zumuntar mata na coci. Ta yi wa Faith kitso, ta goge wata riga ta Godwin mai ruwan sararin samaniya ta sa a leda, ta ce ba zai fito titi da tsumma ba. Tun da safe ita ta fara yi wa Abdurrahman magana, ta ce ya zo su tafi. Matan cocinsu sun cika benci biyu, Basira ta yi musanyar aiki ta zo da kayan asibiti a jikinta.

Wata mota mai rufaffen baya ta tsaya a harabar kotu. Aka shigo da mutum tsakanin jami'ai biyu. Gajere ne, gemu duk furfura, ya rame har wuyansa kamar za a ƙirga jijiyoyi, yana kare ido da tafin hannu saboda haske. Rebecca ta kalle shi sau ɗaya, ta miƙa wuya tana duba bayansa, tana jiran a shigo da na biyu. Aka rufe ƙofa. Faith ta ja zanen uwar ta tambaye ta ko wannan ne Baba.

Akawun kotu ya kira sunan Godwin. Tsohon ya ce na'am, irin amsar wanda ya saba. Rebecca ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba, ta ce wannan ba mijinta ba ne. Kotu ta ɗauki guna-guni. Mai Shari'a ya buga tebur, ya sauke tabarau, ya tambayi mutumin da Hausa ko shi ne Godwin.

"Da sunan nake amsawa, ranka ya daɗe. Amma ni sunana Ɗanliti, daga Unguwa Uku. Ni ne ɗan acaɓan da ya ɗauko shi."

Indo, Babanmu ne. Mu muna can muna cewa ɓarayin babur ne suka kashe shi suka jefar a wani daji, ashe fasinja ya ɗauka, aka tare su a hanya, aka haɗa da shi da babur ɗin aka tafi. Ko sunansa ba wanda ya rubuta. Su a wurinsu shi ma cikin kayan da aka kama tare da malamin yake.

Mai Shari'a ya ce a ba shi kujera da ruwa, ya faɗi abin da ya sani. Baba ya ce ɗaki ɗaya aka sa su. Duk Lahadi in kwano ya zo, Ticha, haka yake kiran Godwin, sai ya raba biyu su ci tare, ya mulmula lomar ƙarshe ya mayar. A damina ta biyu zazzaɓi da gudawa suka kama Ticha, babu magani, ƙaton mutumin nan ya zube. Da ya ga ba tashi zai yi ba, sai ya kama hannun Baba ya koya masa yadda ake mulmula lomar da yadda ake danna yatsa, ya sa shi ya yi ta yi har ya iya.

Baba ya juyo wajen Rebecca, amma bai iya ɗaga ido ya kalle ta ba.

"Ya ce mini, Ɗanliti, ni na ja maka wannan, kuma duk duniya ba wanda ya san kana nan. In kwanon nan ya daina zuwa, yunwa za ta kashe ka, ba mai tambaya. Matata kuwa muddin lomar nan na komawa ba za ta daina zuwa ba, kuma wata rana sai ta sa an buɗe ƙofar nan. In an kira sunana ka amsa. Na ce masa Ticha wannan zalunci ne a kanta. Ya ce ya sani."

Ya ce bayan kwana kaɗan Ticha ya cika da rana tsaka, kansa a cinyar Baba. Aka zo aka naɗe shi a bargo aka fita da shi, bai san inda aka kai shi ba. Masu gadin da suka san cewa su biyu ne a ɗakin, aka yi ta canza su, sababbin da suka zo suka tarar da mutum ɗaya mai amsa sunan Godwin in kwano ya zo, shi ke nan suka ɗauka shi ne. Da kotu ta matsa, shi suka ɗauko.

Rebecca ba ta yi kuka ba. Matan zumunta ne suka fashe, ita tana tsaye da ledar riga a hannu. Lissafi take a ranta, tun daga ranar da ramin lomar ya ƙanƙance. Duk Lahadin nan, duk kuɗin motar nan, duk ranar da ta ce wa yarinya ga saƙon Babanki, ashe mutumin na ƙarƙashin ƙasa. Kuma shi da kansa ya shirya mata haka, don ya fi kowa sanin halinta.

Mai Shari'a ya tambayi lauyan gwamnati wane laifi ake tuhumar Ɗanliti da shi. Lauyan ya juya takardu, ya juya, ya ce babu. Mai Shari'a ya ce to daga wannan kujera gida zai tafi, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Game da Godwin kuma, ya ba da umarni a zo a faɗa wa kotu yadda ya mutu da inda aka binne shi, ya ɗage zama. Lauyan gwamnati har ya fara cewa wai waɗanda ke wurin a lokacin duk an yi musu canjin aiki, sai an bincika.

A waje Abdurrahman ya zauna a bakin kwalbati ya dafe kai. Da Rebecca ta fito ya taso yana cewa Mama ki yafe mini, da na sani da ban taɓo maganar ba. Ta ce masa ya daina. Ta ce littafinsa bai yi ƙarya ba, an ce za a kawo wanda ke ciki a gan shi, kuma an kawo. Sai ta miƙa masa ledar ta ce ya ba tsohon ya sa, kada ya je wa iyalinsa a haka. Da rigar Godwin Baba ya shiga asibiti, ta sauko masa har gwiwa. Basira ce ta tsaya a kansa aka duba ƙirjin aka ɗora shi a kan magani, Abdurrahman kuma ya bi kwatance har ƙofar gidanmu. Ina wankin kayan Halifa ya yi sallama. Abin da Inna ta yi da ta ji, wannan sai na gan ki.

Da aka sallamo Baba muka je Gyadi-Gyadi ni da Inna yin ta'aziyya. Rebecca na zaune a ƙasa cikin mata, ta amsa gaisuwa, ba ta ƙara komai ba. Inna ta yi ta neman kalmar godiya ta rasa, don ta ina za ki gode wa mace a kan abin da ya zame mata makoki? Muka taso. Na ɗauka ba za ta so ta ƙara ganin ko mai kama da mu ba.

Sai ga ta ranar Lahadin nan da ta wuce, bayan azahar, ta yi sallama da kwanon samira ɗaure a ɗankwali. Ta ce wa Inna ba da niyya ta dafa ba. Ta dawo daga coci, hannunta ya ɗora tukunya, sai da ta gama kwashewa ta tuna babu inda za ta kai. Ta ce kuma tana da tambayoyi, babu mai amsa mata sai Malam.

Aka shimfiɗa mata tabarma nesa kaɗan da Baba. Ta tambaye shi ko Godwin ya sha wuya sosai, Baba ya ce ya sha, bai ɓoye mata ba. Ta tambaya ko yana maganar Faith. Baba ya ce kullum, har ya san yarinyar na tsoron kaji, ya san waƙar da uban ke mata in za ta yi barci, ya ɗan rera mata kaɗan da muryarsa da ta dushe. A nan ne ta rufe fuska da mayafi, tana kuka, muka bar ta har ta gama. Da ta share ido ta ce har yanzu ba ta san ko ta yafe wa Godwin ba. Baba ya ce shi ma bai san ko ya yafe wa kansa ba, duk Lahadi yana cin tuwon yana jin kamar sata yake.

Ta tura masa kwanon ta ce ya ci kafin ya huce. Ya yi bismilla ya ci a hankali, muna ta ɗan zancen duniya don kada shirun ya yi yawa. Can na duba, sai na ga hannunsa na mulmula lomar ƙarshe. Ya danna yatsa, ya ɗebo miya ya cika ramin, ya ajiye a tsakiyar kwano. Shi kansa bai san ya yi ba sai da ya ga duk mun zuba masa ido.

Rebecca ta kalli lomar.

"Cinye abinka, Malam," ta ce. "Yanzu babu wanda ake aika wa."

Baba ya ɗauka ya kai baki, Inna ta miƙa masa ruwa. Rebecca ta ɗaure kwanonta wayam, ta yi mana sallama, ta ce za ta biya wurin Barista, don zama na gaba ya kusa kuma har yau ba wanda ya faɗi inda kabarin yake.

To Indo, kin ji. Mu Allah ya dawo mana da namu, ina ta murna ina kuma jin kunyar murnar. Abin da nake roƙonki, kada labarin nan ya tsaya a wurinki. Ki faɗa wa matan gidanku, ki faɗa a gidan suna da wurin awo. Duk wadda aka ɗauke mata mutum zamanin soja ta ji cewa yanzu alƙali na iya cewa a kawo shi a gani. Kuma in akwai wanda ya taɓa aiki a gidan nan mai dogon bango, ko direba ne ko mai shara, ya san inda aka kai wani dogon mutum naɗe a bargo wata damina, don Allah ya je kasuwar Tarauni layin masu dankali, ya tambayi Maman Faith.